Ƙafa ta sage bayan kimo: me kuka gwada?

Hajiya, Mabera: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata biyar ke nan da na kammala kimo, wato allurar maganin ciwon dajin mama, kuma likitoci sun ce sakamako ya yi kyau, alhamdu lillahi, amma ƙafafuna sun ƙi dawowa daidai. Tafin ƙafar a sage yake kamar ina taka auduga, da dare kuma yatsun suna zugi kamar ana tsira mini allura. Ranar Juma'ar da ta wuce na fita gaisuwar rasuwa a maƙwabta, sai da na kai ƙofar gidan wata yarinya ta biyo ni da silifas ɗina guda a hannu. Ashe tun a bakin kwata ya zame, ni kuwa ina ta tafiya da ƙafa ɗaya a ƙasa ban sani ba. Tun ranar nake tsoron fita. Likitana ya ce in riƙa motsa jiki, to amma wane irin motsi mutum zai yi da ƙafar da ba ta gaya masa inda ta taka? Don Allah wanda ya sha irin wannan ya faɗa mini abin da ya gwada.

Malam, Runjin Sambo: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi. Nawa na hanji ne, kuma maganin da aka yi mini amfani da shi sunansa oksaliflatin. Lokacin da nake karɓarsa ko ruwan randa ba na iya taɓawa sai in ji kamar wutar lantarki ta ja ni, idan kuwa na kurɓi mai sanyi sai maƙogwarona ya ɗaure. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bayan an gama allurar sagewar ta ci gaba da ƙaruwa har kusan wata uku, har na ɗauka ciwon ne ya dawo, sai likita ya ce sanannen hali ne na irin wannan magani. Na faɗi haka ne don kada wani ya firgita kamar yadda na firgita.

Ni da tafiya na fara, daga gida zuwa masallacin unguwa bayan gari ya waye, minti goma zuwa da dawowa, ina bin gefen katanga. Duk mako ina ƙara kaɗan, yanzu ina yin rabin awa. Abin da na lura da shi kuma shi ne ba na tangaɗi sai a wuri biyu: idan an ɗauke wuta da asuba, da kuma idan na rufe ido ina wanke fuska wajen alwala.

Goggo, Tudun Wada: Hajiya, ki riƙa dafa ruwa da gishiri ki tsoma ƙafafun kowane dare, da zafinsa gwargwadon yadda za ki iya jurewa, sannan ki shafa man zafi. Da hunturu kuma ki ajiye kaskon garwashi kusa da ƙafa. Haka muke yi wa tsofaffinmu masu sanyin ƙafa, kuma suna jin daɗinsa.

Likitar gashi (fisiyo, mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki): Goggo, ki yi mini haƙuri, zan saɓa miki a nan, domin abin da ke amfanar mai sanyin ƙafa yana iya cutar da Hajiya. Kin ce gwargwadon yadda za ta iya jurewa, alhali ma'aunin jurewar ne ya samu matsala. Ƙafar da ba ta ji fitar takalmi ba, ba za ta ji ruwa yana ƙona ta ba sai fata ta saɓule. Idan tana son ruwa, ya zama mai ɗumi kawai, ta gwada shi da gwiwar hannu ko wani ya gwada mata, kasko kuwa a nisanta shi da ƙafa gaba ɗaya.

Hajiya, idan kin duba katinki na asibiti, mai yiwuwa ki ga paklitaksel ko dosetaksel, domin su ne aka fi bayarwa a ciwon mama cikin magungunan da ke taɓa jijiya. Sauran sun haɗa da sisflatin, da wanda Malam ya ambata, da binkiristin. Jijiyoyin da ke ɗauko saƙo daga yatsun ƙafa su ne mafi tsawo a jiki, shi ya sa su ke fara jigata, abin ya faro daga yatsu yana hawa kamar an sa safa. Tsayuwar mutum daidai kuwa kamar tukunya ce a kan duwatsun murhu uku: ido, da kunnen ciki, da saƙon da tafin ƙafa da gaɓoɓi ke aikawa. Idan dutse ɗaya ya yi rauni sauran biyun ke ɗaukar nauyi, kuma wannan ne dalilin abin da Malam ya lura da shi, domin a cikin duhu idon da ke tallafa masa ya fita daga aiki.

Ga abin da muke fara koya wa mutane. Ki tsaya kusa da bango ko tebur mai nauyi, hannu a kansa, ki haɗe ƙafafu na daƙiƙa 20, ki huta daƙiƙa 40, ki maimaita sau uku. Idan wannan ya zama wasa, sai ki sa ƙafa ɗaya a gaban ɗaya, dunduniya tana taɓa yatsu. Bayan shi sai tsayuwa a ƙafa ɗaya, daga baya kuma a kan naɗaɗɗen bargo, yadda ƙasa za ta ɗan yi laushi. Rufe ido shi ne na ƙarshe, kuma ba a yin sa sai da mutum tsaye a gefe. Ki haɗa da tashi da zama daga kujera sau goma, da ɗage dunduniya kina riƙe da bayan kujera, domin cinya da sha-raɓa masu ƙarfi su ne ke tare mutum idan ya yi tuntuɓe. Kwana biyu ko uku a mako ya isa a farko. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsi a mako, da ƙarfafa tsoka kwana biyu, amma wannan wurin da za ki nufa ne, ba inda za ki fara ba.

Ba zan ɓoye muku ba, babu wanda zai yi muku alkawarin cewa atisaye zai mayar da jijiyar yadda take. Ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Amurka, a ƙa'idarta ta 2020, magani ɗaya ta ba da shawararsa don zugin, wato duloksetin, shi ma ragewa yake yi, kuma likita ne zai rubuta shi. Game da motsa jiki ta ce alamu na farko suna da kyau amma ana buƙatar ƙarin bincike. Abin da nake gani a wurin aiki shi ne mutum yana daina tangaɗi, ya daina tsoron fita, ko da sagewar ba ta gama tafiya ba.

Goggo, Tudun Wada: To 'yata, na karɓi gyara, Allah ya yi miki albarka. Ban san ƙafar ba ta jin zafi ba.

Tela, Gawon Nama: Duk kuna maganar ƙafa, ni kuwa hannu ne ya so ya raba ni da sana'ata. Bayan kimo na kasa zura zare a allura, maɓallin rigata ma sai yarona ya ɓalla mini. Abin da na yi shi ne kowace yamma matata ta zuba wake da gyaɗa a faranti ɗaya, in zauna in raba su da yatsa biyu, daga baya muka koma wake da dawa, wadda ta fi ƙanƙanta. Ina kuma jan carbi mai manyan 'ya'ya, ina murza ƙullun fulawa idan ana kwaɓin fanke. Yau wata takwas, na koma kan keke, amma har yanzu ba na yanka yadi sai ina kallon inda yatsana yake, domin na taɓa yanke kaina da almakashi sai jinin da na gani a kan shadda ne ya sanar da ni. Mata su kula da wuƙa da murfin tukunya saboda wannan dalili.

'Yar Baba, Arkilla: Ina da tambaya, Anti likita. Mahaifinmu yana da ciwon suga tun kafin dajin mafitsara, kuma an ce dajin ya taɓa ƙashin bayansa. Shin shi ma zai iya bin wannan tsari?

Likitar gashi: Ƙanwata, Baba kada ya fara da abin da na rubuta sai an duba shi. Idan ciwo ya taɓa ƙashi akwai haɗarin karaya, don haka likitansa ne zai faɗi irin motsin da bayan zai ɗauka. Idan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ake ganinsa, ku roƙi a rubuta masa takardar zuwa sashen gashi. Sannan suga da kansa yana lalata jijiyar ƙafa, maganin metfomin kuma idan an daɗe ana sha yana iya rage bitamin B12, wanda ƙarancinsa ke kawo irin wannan sagewa, saboda haka ku tambaya ko za a auna masa. Kada ku saya masa bitamin barkatai a kemis, domin B6 idan ya yi yawa shi ma yana taɓa jijiya. Ga kowa kuma, ranar da akwai zazzaɓi, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ko numfashi yana sarƙewa, ba ranar atisaye ba ce, ranar ganin likita ce.

Malam, Runjin Sambo: Bari in ƙara abin da ya shafi garinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, kuma duk mun san yadda simintin harabar masallaci yake da azahar. Masu lafiyar ƙafa da gudu suke tsallake shi, ni kuwa bara na taka shi a natse ina jin daɗin cewa ba ya damuna, da dare sai ga bororo a tafin ƙafa biyu. Na yi mako uku ban fita ba, kuma ƙarfin da na tara ya koma baya. Yanzu ba na cire takalmi sai a bakin inuwa, da safa a ƙafata, kuma kowane dare ina ajiye madubi a ƙasa in duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. Sallah kuma ranar da ƙafar ta ƙi, a zaune nake yin ta, addini bai matsa mini ba. Da azumi, ga wanda likita ya yarje masa, tafiyar ta fi sauƙi bayan an sha ruwa, amma a wuri mai haske.

Hajiya, Mabera: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na duba katin, paklitaksel ne kuwa. Ɗazu na gwada haɗe ƙafafu a jikin bangon tsakar gida, jikata tana ƙirga mini, na kai 20 sau biyu, na ukun sai da na dafa bango da hannu biyu. Saura maganar takalmi, domin duk nawa silifas ne da masu buɗaɗɗen baya.

Likitar gashi: Dafa bangon ba laifi ba ne, Hajiya, don haka aka ce ki tsaya kusa da shi. Takalmi ki nemi rufaffe mai maɗauri a baya, marar tudun dunduniya, mai faɗi a wajen yatsu, wanda ƙasansa ba ya santsi a kan tayil. Kambas na gwanjo ma ya isa idan ƙasansa bai cinye ba. Ki je babbar kasuwa da kanki da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ki gwada shi da safar da za ki riƙa sawa, kuma ki zura hannu ciki ki shafa ko akwai ɗinki mai kaifi, tunda ƙafar ba za ta faɗa miki yana cizo ba. Kafin ki sa shi kowace safiya ki kife shi ki kaɗe, saboda tsakuwa da kunama.