Neman shawara kan rim da taya na tsohuwar Mazda MX-5 ƙirar 1991

Ɗan Gyallesu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙafafun mota. Ina da Mazda MX-5 ƙirar 1991, mai injin lita 1.6, wadda har yanzu take kan rim ɗinta na asali mai inci 14 da taya 185/60R14. Ɗaya daga cikin rim ɗin baya ya tsage ta ciki, mai walda kuma ya gaya mini gaskiya cewa ko ya ɗinke shi ba zai ɗauki alhakinsa a kan babbar hanya ba, don haka na yanke shawarar sauya duka huɗun.

Wani mai sayar da kayan mota a Sabon Gari ya nuna mini saiti biyu, dukansu masu rami huɗu. A bayan na farko an rubuta 15x7J ET35, a bayan na biyu kuma 15x8J ET20. Na biyun ya fi ɗaukar ido saboda zurfin bakinsa, shi ne kuma mai kayan yake ta ƙarfafa ni a kansa. Mai facin da nake hulɗa da shi ya ce kowanne na ɗauka in sa masa 195/65R15, tunda ita ce ta cika kasuwa, ko a ƙauye ta fashe zan sami madadinta. Ba tsere nake yi da motar ba, yawancin tafiyata tsakanin cikin gari da Samaru ce, sai Kaduna jefi-jefi. Wanne zai shiga ba tare da ya goga jikin mota ba, kuma wace taya ce ta dace da shi?

Injiniyan Samaru:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi dacen tambaya kafin biyan kuɗi, domin lissafin wannan abu ba ya buƙatar komai sai lambobin da ka riga ka kawo.

Lambar da take bin ET ita ce ofset, wato tazarar da ke tsakanin tsakiyar faɗin rim da fuskar da take zama a jikin hob (ƙarfen da ake ɗaura rim a kansa), kuma da milimita ake auna ta. Idan lambar ta yi girma rim yana shigewa ciki wajen shok, idan ta ragu yana turowa waje wajen bakin fenda. Rim ɗin da Mazda ta sa wa motarka faɗinsa inci 5.5 ne, ofset ɗinsa 45. Inci 5.5 ya kama kusan milimita 140, rabinsa 70, idan ka cire 45 za ka ga bakin waje yana nesa da hob da milimita 25, na ciki kuma da 115. Waɗannan lambobi biyu su ne ma'aunin da za ka gwada kowane rim da shi.

Saitin farko mai faɗin inci 7, wato milimita 178, rabinsa 89 ne. Da ofset 35, bakin waje zai kai 54, na ciki ya kai 124. Ke nan zai turo waje da milimita 29 fiye da na asali, ya kuma matsa ciki da 9 kacal. Wannan girma ne da masu irin motarka suka daɗe suna amfani da shi, kuma muddin ba a sauke motar ƙasa ba, yana zama a ƙarƙashin fenda lafiya. Na biyun fa, mai inci 8 da ofset 20, bakinsa na waje zai kai kusan milimita 82, ƙarin 57 ke nan. Ba zai zauna ba sai an daddaƙe ko an yanke leɓen fenda, kuma ban ga dalilin da zai sa a taɓa bodin motar da ta haura shekara talatin tana da lafiya saboda kwalliya ba. Ban da haka, duk lokacin da aka turo tsakiyar taya waje da yawa, nauyin da ke kan boris yana ƙaruwa, sitiyari kuma yana fara fizgar hannu idan ƙafa ɗaya ta faɗa rami ko aka taka birki a hanyar da ba ta daidaita ba. A saitin farko tsakiyar tayar za ta matsa da milimita 10 ne, a na biyu kuwa da 25.

Maganar taya ce ta fi damuna. Tsayin 185/60R14 daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 578 ne: gefenta kashi 60 cikin 100 na faɗinta, milimita 185, wato 111, sau biyu, a haɗa da inci 14 na rim. Idan ka yi wa 195/65R15 wannan lissafi za ka samu kusan 635, bambancin ya kusa kashi 10 cikin 100. Mitar gudu za ta nuna maka kilomita 100 alhali kana gudun kusan 110, motar za ta yi nauyin tashi domin kowace giya ta ƙara tsawo, kuma tayar gaba za ta ci robar cikin fenda duk lokacin da ka murɗe sitiyari ƙarshe. Mai facinka ya yi gaskiya game da kasuwa, amma wannan taya ta motocin iyali ce masu faɗin gurbin ƙafa. Wadda ta dace da rim mai inci 15 a motarka ita ce 195/50R15, tsayinta 576, kusan daidai da ta asali. Ita ma iyakar faɗin rim ɗin da aka amince a ɗora ta a kai inci 7 ne, wanda ya ƙara fitar da saiti na biyu daga lissafi.

Bakaniken Kwangila:

Lissafin Injiniya bai bar ƙura ba, amma ina da ja a wuri guda, kuma hanyoyinmu ne suka sa. Gefen 195/50R15 milimita 97 da rabi ne, na tayar asali 111. A takarda bambancin kaɗan ne, amma wannan gefen shi ne yake shanye dukan rami kafin ya isa rim, kuma yawancin rim ɗin da ake kawo mana a lanƙwashe bayan damina masu siririyar taya ne. Malam, idan da motata ce, zan fara neman rim mai inci 14 mai faɗin 5.5 ko 6, ofset tsakanin 38 da 45, in ci gaba da 185/60R14. Idan ta yi wuyar samu, 175/65R14 tsayinta 583 ne, bambancin bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Motar ba ta kai tan ɗaya ba, daɗin tuƙinta kuma yana cikin rashin nauyin ƙafafunta, saboda haka ka ɗaga rim ɗin da za ka saya da hannu, ka ɗaga naka na asali, ka ji bambancin.

Sannan rami huɗu ba duka suke ɗaya ba. Naka 4x100 ne, wato rami huɗu a kan da'ira mai faɗin milimita 100. Na Peugeot 406 shi ma huɗu ne amma 4x108, na tsofaffin Fiat kuma 4x98, kuma wannan na ƙarshen shi ne mai haɗari domin yana shiga kamar ya dace, sai notin ya zauna a karkace ya riƙa kwancewa a hankali. Kada ka yarda kowa ya faɗaɗa ramukan da inji don su shiga. Ramin tsakiya ma a auna shi: hob ɗin motarka milimita 54.1 ne. Na tsohuwar Golf 57.1 ne, na Civic 56.1, rim ɗin kasuwa kuma sau da yawa nasu ya fi haka faɗi, sai an sa zobe ya cike giɓin, in ba haka ba sitiyari yana iya karkarwa a gudun babbar hanya ko da an yi balansin. Na Corolla mai rami huɗu ya yi daidai da naka, sai dai a duba mazaunin noti, domin na Mazda mai tsini ne, na rim ɗin alminiyon na Toyota shimfiɗaɗɗe ne mai washa, na Honda da Volkswagen kuma mai kumburi. Idan ba a samu a nan Zariya ba, Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano suna nan.

Ɗan Gyallesu:

Allah ya saka muku da alheri. Na cire mai inci 8 daga raina. Na koma shagon da ma'auni, ramin tsakiyar saitin farko 73.1 ne, mazaunin notinsa mai tsini, kuma mai kayan ya amince in gwada ɗaya a jikin mota kafin mu yi ciniki. Oga, me zan duba a wajen gwajin, tunda babu taya a jikinsa tukuna?

Bakaniken Kwangila:

Ka fara da ƙafar gaba. A ɗora rim ɗin tsirara, a ɗaura noti da hannu, a juya shi a hankali a saurara ko bayansa yana taɓa kan birki, a kuma lura ko bakinsa yana rawa, domin rim na hannu yakan zo da lanƙwasar da ido ba ya gani sai yana juyawa. Zoben da za ka nema shi ne mai 73.1 ta waje da 54.1 ta ciki. Bayan haka a sa taya ɗaya kawai, a sauke motar daga jak, mutum biyu su shiga, a murɗe sitiyari ƙarshen dama da ƙarshen hagu kana zura hannu tsakanin taya da leɓen fenda. Ka shafa alli a leɓen, ka hau tudun rage gudu a hankali, idan allin ya fito a jikin taya to akwai gugar da za ta ƙaru ranar da shok ya gaji.

Injiniyan Samaru:

Na karɓi gyaran Oga game da inci 14, kuma idan aka sami saiti mai lafiya shi zan fifita wa mai bin hanyoyin cikin gari kullum. Ƙarin da zan yi kan tayar kanta ne, Malam, domin girman da ba a cika nema ba yakan daɗe a shago. A gefen kowace taya, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta, misali 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Robar da ta tsufa tana bushewa ko da zanenta bai taɓa kwalta ba, zafin watan Afrilu a hanyar Kaduna kuma ba ya raga mata. Ka tabbata duka huɗun girmansu ɗaya kuma shekarunsu sun yi kusa da juna, domin motar da ƙafafun baya take ja, kuma idan na baya suka fi na gaba santsi, bayanta ne zai fara zamewa a kwana ranar da aka yi ruwa. Bayan an ɗaura, a yi alaimen, sannan a sake matse notin idan ka yi tafiyar kamar kilomita 50.