Waɗanda suka taɓa tayar da tsohuwar Kombi mai tsatsa, daga ina kuka fara?

Mai tambaya, Mabera

Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar wata Volkswagen Kombi a bayan gida, irin wadda aka yi wa gado da kabad a ciki domin kwana a hanya, kuma ta daɗe a kafe ƙarƙashin dogonyaro har tayoyinta suka nutse a ƙasa. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ban taɓa koyon kanikanci ko walda ba, amma ina da niyyar tayar da ita a hankali gwargwadon abin da albashi ya bari. A ido tsatsar ba ta yi yawa ba, sai dai ƙasan ƙofar gefe ya ruɓe, fentin kuma rana ta ƙone shi. Wani mai fenti ya ce in kawo ta ya goge ya fesa ta koma sabuwa. Ina roƙon waɗanda suka yi irin wannan aiki da hannunsu su faɗi abin da suka gani, musamman abin da ake farawa da shi da abin da ɗan koyo zai iya yi da kansa.

Tsohon mai gyaran bodi, Gawon Nama

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta. Ɗana, na yi aikin bodi tun lokacin da waɗannan motoci ke jigilar fasinja, kuma shawarata ita ce mai fenti ya zama mutum na ƙarshe da zai taɓa motar nan. Bushewar Sakkwato tana yaudarar mutane. Saman mota yakan zauna lafiya lau, ba kamar na Legas da iskar teku ke ci ba, amma ƙurar hunturu da ganyen dogonyaro suna taruwa a magudanar rufi da cikin ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, ruwan damina ya mayar da su laka, lakar kuma ta riƙe danshi har bayan an ɗauke ruwa. Saboda haka tsatsar daga ciki take ci zuwa waje, kuma abin da ka gani a ƙasan ƙofa bakinta ne kawai ya leƙo.

Ka ja motar zuwa wurin da ya daidaita, ka tokare ta da manyan katakai masu ƙwari, ba bulo ba, kuma kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Sai ka ɗauki sukudireba ka riƙa sokawa da ƙarfi a wuraren da ake kafa jak, da ƙarafan da suka fito daga shasi suka tallafi daɓen motar, da bakin madigadi, da matakalar ƙofar direba, da ƙasan gilashin gaba, da mazaunin batir da ke ɗakin injin, wanda ruwan batir ke cinyewa. Inda ya fi ko'ina muhimmanci shi ne bututun ƙarfe biyun da ke ɗauke da tayoyin gaba, da dogayen ƙarafan shasi. Idan waɗannan suna da lafiya, motar ta cancanci kuɗinka, idan kuwa sun ruɓe, ka zauna ka sake lissafi kafin ka sayi ko da samfefa ce. Bayan haka ka bi jikinta da ƙaramin maganaɗisu, duk inda ya ƙi kamawa ka san filla aka cika, wato ƙullun da ake cike lotsawar bodi da shi. Fesa fenti a kan irin wannan wuri daidai yake da shafa farar ƙasa a katangar da ruwa ya riga ya ci gindinta.

Malamin makaranta, Runjin Sambo

Baba ya gama magana a kan dubawa. Malam, ni ma ɗan koyo ne lokacin da na fara tawa, ƙirar 1974, kuma na ga cewa mafi yawan aikin haƙuri yake buƙata fiye da gwaninta. Kwance kujeru da katakai, cire gilasai, kankare tsatsa da buroshin waya da samfefa, da shafa maganin tsatsa mai sinadarin fosforik, duk da hannuna na yi su da yamma bayan an tashi makaranta. Kafin in kwance kowane abu nakan ɗauki hotonsa da waya, notuna da kusoshi kuma in zuba su a gwangwanayen madara in rubuta inda suka fito. Duk wurin da na kankare har farin ƙarfe ya fito nakan shafa masa fentin farko mai hana tsatsa a ranar, domin da damina kwana guda ya isa ya sake yin ja. Ka riƙa sa takunkumi mai kyau, saboda tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma.

Walda ce ban taɓa ba, kuma ba na ba ɗan koyo shawarar ya koye ta a kan shasin motar da iyalinsa za su hau. Amma ka tsaya a kan mai waldar. Na farkon da na kai wa ya ɗora sabon ƙarfe a kan ruɓaɓɓen ba tare da ya yanke shi ba, kuma guntun kwanon rufi ya sa, wanda ya yi siriri, ga shi hayaƙin da yake fitarwa a wuta yana cutarwa. Na biyun ya yanke har inda ƙarfe mai rai ya fara, ya yanko faranti mai kaurin kusan milimita 1 daidai da ramin, ya riƙa ɗiga walda nan da can yana bari ta huce don kada bodin ya lanƙwashe. Kafin a kunna wuta ko ɗaya a cire tankin mai gaba ɗaya, ko da an tabbata babu komai a cikinsa.

Mai tambaya, Mabera

Na gode, Baba, na gode, Malam. Na duba kamar yadda aka ce. Shasi da bututun gaba sun ƙi sukudireba, amma mazaunin batir ya zama raga, wuraren jak na gefen dama kuma sun tafi.

Tsohon direba, Tudun Wada

To, alhamdulillahi, motarka mai tashi ce. Ni na yi shekaru ina tuƙa irinta tsakanin Sakkwato da Illela da Argungu, kuma abin da zan ƙara ya shafi injin. Injin nan yana baya, silinda huɗu ne, ba shi da lagireto, iska da baƙin mai ne kaɗai ke sanyaya shi, a garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu. Kada ka saka batir ka murɗa makulli a motar da ta daɗe a ajiye. Ka cire filogi, ka ɗiga ɗan baƙin mai a kowace silinda, ka juya injin da sifana a hankali ka ji ko yana tafiya. Sannan a buɗe gidan fanka a share shi, domin ɓeraye suna sheƙa a ciki, zanzaro kuma yana gini tsakanin haƙarƙarin silinda, kuma kowanne daga cikinsu ya isa ya toshe iska ya ƙone injin kafin ka kai Bodinga.

Akwai gwangwanayen da suka lulluɓe injin da wata roba da ta zagaye shi, waɗanda yaran gareji ke yarwa suna cewa ba su da amfani. Su ne ke hana iska mai zafi ta ƙasa komawa cikin fanka, saboda haka ko guda ɗaya kada a rasa. Bel ɗaya ne ke juya janareta da fanka, don haka idan jar fitilar caji da ke gaban direba ta kama kana tafiya ka tsaya nan take. Tazarar bawul ana saita ta a milimita 0.15 injin yana sanyi. Baƙin mai lita 2.5 yake ɗauka, kuma ƙaramin injin nan mai girman cc 1600 ba shi da filta sai ɗan rariya, shi ya sa a ƙurarmu nake canza shi tun bai yi kauri ba. Dukan tiyon fetur a sauya su sababbi, domin tanki yana daf da injin, kuma na ga motar abokin aikina ta ƙone ƙurmus a gefen hanya saboda tiyo guda da ya tsage.

Bakanike, Arkilla

Alhaji, a yi mini uzuri, ina da ɗan saɓani. Duk abin da ka faɗa gaskiya ne, amma waɗanda suka san injin nan sun yi ƙaranci a garin nan, kuma mutumin da zai ɗauki iyali zuwa Goronyo yana buƙatar injin da kowane gareji zai iya taɓawa. Na taɓa saka wa wani injin mai ruwa, kuma ko kamfanin da kansa a Burazil injin mai ruwa ya koma sakawa a shekarun ƙarshe kafin ya daina ƙera ta a 2013. Ban ɓoye ba, neman wurin lagireto da jan bututu sun ba mu wahala. Abin da ba na jayayya a kansa shi ne birki: a canza tiyo da robobi da man birki duka kafin motar ta taka titi.

Tsohon direba, Tudun Wada

Maganar birki na yarda da ita. Amma injin da mutum biyu za su sauke da jak ɗaya, wanda mai shi zai iya koyon saita shi a gida, ban ga dalilin yar da shi ba sai idan gidansa ya tsage.

Wata uwa, Gidan Igwai

Ƙanena, ni da maigidana muka gyara cikin tamu, kuma abu biyu zan faɗa. Tun da motar ta gado ce, a fara kiran sauran magada a yi mata kuɗi a yadda take, a rubuta a gaban shaidu, kafin ka kashe ko sisi, domin motar da ba wanda ke kallo yau kowa zai tuna da rabonsa ranar da ta sha fenti. Na biyu, tsofaffin katakan ciki kada a zubar da su ko da gara ta ci su, da su kafinta zai auna sababbi. Mu mun bar daɓen a buɗe har damina guda ta wuce muka ga inda ruwa ke shiga, muka canza robobin gilasai, sannan aka shimfiɗa katako. Ragar sauro a tagogi da abin tare zafi a ƙarƙashin rufi sun fi mana amfani a kan duk wani ado.

Mai sayar da kayan gyara, Kofar Atiku

Malam, kafin ka aika a sayo komai ka karanta lambar shasi. A ƙirar Jamus ta 1968 zuwa 1979 lamba ta uku ita ce ke nuna shekara, misali 4 tana nufin 1974, kuma shekarar tana da muhimmanci, domin daga ƙirar 1971 birkin gaba ya koma na faifai. Idan sitiyarinta yana dama, mai yiwuwa ta shigo kafin Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972. Kayan Burazil suna samuwa, amma ba duka ke shiga ta Jamus ba, saboda sun daɗe suna haɗa gaban sabuwar ƙira da bayan tsohuwa. Ni nakan nemo wa masu irin motarka kaya a Ƙofar Ruwa ta Kano, abin da ya gagara a tambaya a Ladipo ta Legas, kuma kullum nakan ce a aiko mini da tsohon kayan ko hotonsa kusa da ma'auni. Robobin gilashi da na ƙofa ka saye su sababbi a ƙarshen aiki, domin na ajiya sukan bushe su tsage tun kafin a saka su.