Nrf2 ɗin da Keap1 ya riƙe ne ke shiga cibiya, ko wani sabo?

Assalamu alaikum malamai da ƴan'uwa. Ɗaliba ce ni a Jami'ar Abdou Moumouni, nan Yamai. Kwana huɗu ke nan wani wuri ya cije mini, ga jarrabawa ta ƙarato.

Abin da na gane: in ƙwayar halitta tana lafiya, furotin Keap1 kan riƙe Nrf2 (furotin mai tada ƙwayoyin gadon da ke kare ƙwayar), wani furotin Cul3 ya manna masa ubikwitin (alamar a lalata shi), furotiyasom (injin niƙa furotin) ya niƙe shi cikin kamar minti 20. In gubar iskar oksijin ta yi yawa, sai ta taɓa sistin (wani amino asid) ɗin da ke jikin Keap1, irin su Cys151, niƙar ta tsaya. Nrf2 ya shiga cibiyar ƙwayar, ya haɗu da furotin ƙaramin Maf, su hau ARE (wani yanki na DNA), su tada ƙwayoyin gadon kariya irin su NQO1 da HO-1 da masu haɗa gulutatiyon (sinadarin da ke kashe gubar).

To, wanne Nrf2 ne ke shiga? A zanen da na kwafa cikin kayena, kibiya ta nuna Keap1 ya sake shi. Wani bayanin kuma ya ce tsohon na nan maƙale, sabon da aka ƙera ne ke wucewa don babu mai tare shi. Na goge zanen nan har takardar ta huje.

In na biyun ne, ke nan in aka hana ƙera furotin, Nrf2 ba zai taru ba? Don Allah wanda ya sani ya warware mini.