Ma'aunin kuɗin kakanmu ya ƙi daidaita, ina neman shawara

Assalamu alaikum jama'a. Muna kwashe kayan marigayi kakanmu a nan Jos sai muka tarar da wani ɗan akwatin katako a ƙasan adakarsa. A ciki akwai ma'auni na tagulla mai faranti biyu, da duwatsun awo guda huɗu, gurbin na biyar babu kowa. Baffa ya ce da shi tsoho yake auna kuɗin azurfa zamanin da kasuwar kuza ke ci, don gudun jabu da wanda aka kankare wa baki.

Ga inda na maƙale. Tagullar ta yi kore, ni kuma da karambanina na goge faranti ɗaya da lemon tsami da toka. Tun daga ranar sandar ta karkata gefe guda ko ba a ɗora komai ba. Na sauya zaren da ke riƙe farantan, na mayar da na dama hagu, duk a banza. Ko gugar ce ta rage nauyin farantin, ko kuwa tsinin da sandar ke lilo a kai ne ya lanƙwashe?

Akwai kuma liyari guda a akwatin, wato tsohon kuɗin azurfa, mai hoton Mariya Tereza sarauniyar Ostiriya da shekarar 1780. Nauyinsa ya kamata ya kai giram 28 da ɗan ɗoriya, amma sikelin zamani ya ba ni ƙasa da haka. Tsufa kan cinye azurfa haka?

Na kai wa wani maƙerin zinariya ma'aunin wajen Taminus a nan Jos, ya ce in bar masa ya narkar, na ɗauko abina na fito. Don Allah wa ya san mai gyaran irin wannan a Jos?