Neman shawara: an ɗora mini gabatar da judo a bikin jami'armu a Japan

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina digiri na biyu a wata jami'a a nan Japan, kuma ina cikin ƙungiyar judo ta ɗalibai. Bikin jami'armu na shekara-shekara yana tafe a watan Nuwamba, irin wanda ake buɗe wa mutanen gari ƙofa, kowace ƙungiya ta kafa rumfarta. An ba mu minti 30 a ɗakin atisaye, kyaftin kuma ya ce ni zan yi wa baƙi 'yan ƙasashen waje bayani, sannan in shiga wasan. Abu biyu ke damuna. Wasu cikinmu na so a bar 'yan kallo su hau tabarma su gwada kayar da juna, ni kuwa ban tabbata dabara ce ba. Na biyu, za a buɗe taron da gaisuwar gurfane, a durƙusa a sunkuyar da kai wajen bangon gaba, jama'a na kallo. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Masu sani ku taimaka.

Yaya Auwal: Wa alaikumus salam ƙanena. Maganar 'yan kallo su kayar da juna, ka kashe ta tun yanzu. Wanda bai iya faɗuwa ba, ba a kayar da shi. A Japan ɗin nan da kake, an ƙidaya ɗalibai sama da 100 da suka rasu ta dalilin judo a makarantu tsakanin 1983 da 2011, da yawansu sababbin shiga ne da kansu ya bugi ƙasa. Kamun da ake kira osoto-gari, wanda ake share ƙafar mutum ya tafi da baya, kowa na ganin sa da sauƙi, alhali ƙeya ce ke fara isa ƙasa idan mutum bai san ya manne haɓarsa da ƙirji ba.

In kuna so baƙi su taɓa wani abu, ku koya musu ukemi, wato yadda ake faɗuwa. Su fara daga kwance, su buga tafin hannu a tabarma, sannan daga zaune, sannan daga tsugune. Yara na son wannan ƙwarai saboda ƙarar da yake yi. Bayan nan sai wani mai baƙin ɗamara, wato ƙwararre, ya bar baƙo ya kayar da shi, shi ya san yadda zai sauka. Baƙo ya tafi gida yana alfahari, babu wanda ya karye. Kafin komai kuma ku je ofishin harkokin ɗalibai ku tambaya ko inshorarku ta shafi mutanen waje.

Ummu Hanan: Ni kendo, wasan takobin gora na Japanawa, na yi lokacin da nake can, amma bikin ɗaya ne. Abin da ke gundurar mutane shi ne dogon jawabi. Tarihi ka taƙaita shi: Jigoro Kano (sunan iyalinsa ne, babu ruwansa da Kanon Dabo) ya kafa makarantar Kodokan a 1882 a wani ɗakin ibada na Eishoji a Tokyo, ya tace dabarun jujutsu, tsohon salon faɗan Japanawa, ya ware masu haɗari daga gasa, judo kuma ta shiga Olamfik a Tokyo a 1964. Ya isa haka. Sauran lokacin ku nuna nage-no-kata, wato tsararren jerin dabarun kayarwa da mutum biyu ke nunawa. Kamu 15 ne a rukuni 5, amma rukuni uku na farko sun wadatar: na hannu, na kwankwaso, na ƙafa. Ku yi kowane kamu a hankali kana bayani, sannan a maimaita da cikakken gudu. A ƙarshe ka nemo mafi ƙanƙanta a ƙungiyarku ya ɗaga mafi ƙiba. Nan ne jama'a za su gane abin da Kano ke nufi da amfani da ƙarfi inda ya dace.

Malam Habu: Batun gaisuwa shi ne babba a wurina. Akwai hadisin Anas da Tirmizi ya ruwaito, inda aka tambayi Annabi (SAW) ko mutum zai sunkuya wa ɗan'uwansa idan sun haɗu, ya ce a'a. Malamai da yawa sun tsaya a kan wannan. Wasu kuma na wannan zamani sun sassauta a kan ɗan rusunawa da ba ta kai ruku'u ba, idan al'ada ce ba bauta ba. Gurfane kuwa ya fi kusa da siffar sujada, don haka ni ba zan ba ka shawarar yin sa ba. Ka tambayi limamin masallacin garinku, shi ya san yanayin wurin fiye da mu.

Yaya Auwal: Allah gafarta Malam, in ƙara wani abu. Ya kamata ya duba me ke jikin bangon. Wasu ɗakunan atisaye suna da kamidana, ɗan akwatin bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan, da ake kafawa a sama. Wasu hoton Kano ne kawai, wasu tuta, wasu babu komai. Bayan yaƙin duniya na biyu, a Disambar 1945, hukumar mamayar Amurka ta raba Shinto da makarantun gwamnati, shi ya sa ba ko'ina ake samun sa ba. A gurfanen judo kuma goshi ba ya taɓa ƙasa, kuma a gasar duniya a tsaye ake gaisuwa. Ban faɗi haka don in halatta ba, sai don idan zai kai wa limami tambaya ya kai ta cikakkiya.

Ummu Hanan: Akwai mafita mai sauƙi ma. Kai ne mai bayani, ko ba haka ba? Lokacin gaisuwar buɗewa ka tsaya a gefe da makirfo kana fassara wa baƙi abin da ake yi. Amma kada ka bari sai ranar. Japanawa ba sa son a zo musu da ba-zata a gaban jama'a. Ka samu malaminku shi kaɗai tun yanzu, ka gaya masa dalilinka cikin ladabi, kyaftin ma ya sani.

Ɗan Tawa: Ni da ni ne, sai in roƙi minti biyar in nuna musu kokowarmu. Tun 1975 ake gasar kokowa ta cin takobi a Nijar, a Tawa aka fara, ba mu da abin jin kunya a wannan fage.

Yaya Auwal: Ɗan Tawa, ba a wannan filin ba. Minti 30 ɗin na ƙungiyar judo ne, su suka nema. Ɗalibai 'yan ƙasashen waje kan samu tasu rumfar a irin wannan biki, can ya kai bidiyon kokowa da dambe, har da kilishi in ya samu hanyar yin sa.

Ɗan Zazzau: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na leƙa ɗakin, hoton Kano ne kawai a bangon. Zan ga malaminmu bayan atisayen gobe, limami kuma ranar Juma'a. Yaya Auwal, tabarmarmu ba ta da faɗi sosai, mutum nawa kake ganin za mu ɗauka a lokaci guda wajen koyon faɗuwar?

Yaya Auwal: Kowane baƙo da ɗan ƙungiya ɗaya a gefensa, a bar tazarar da hannu ba zai taɓa na kusa ba. Su cire agogo da tabarau da makullai daga aljihu kafin su hau.