Me za mu kira "effet vieilli" da Hausa?

Malamar koyar da sana'a, unguwar Zariya, Maraɗi: Assalamu alaikum. Ranar Litinin zan koya wa ɗalibaina yadda ake yi wa sabon benci fenti ya fito kamar ya shekara ashirin a ƙofar gida, abin da Faransawa ke kira "effet vieilli". Ana shafa fenti mai duhu a bari ya bushe, a goga kyandir a gefuna da wuraren da hannu ke yawan taɓawa, a ɗora fenti mai haske, sannan a bi da samfefa mai lamba 120, sai na sama ya tashi inda kyandir ya hana shi kamawa, na ƙasa ya bayyana. Aikin na iya shi, sunansa da Hausa ne ya gagare ni, kuma yawancin yaran ba su yi nisa a lakwal ba.

Kafinta, Bagalam: Wa alaikumus salam, Malama. Ki ce "koɗaɗɗen fenti", kowa zai gane.

Mai sayar da fenti, babbar kasuwa: Ban yarda ba, Yaya. Koɗewa aibi ne da rana da ƙurar hunturu ke jawowa, kuma babu mai biyan kuɗi don a koɗar masa da benci. Tunda da gangan ake yin wannan, ni "tsufar da fenti" zan ce, kamar yadda muke cewa wahala ta tsufar da mutum.

Tsohon malamin makaranta, Ɗan Gulbi: Ƴata, kalma ɗaya ta fi uku, shi ya sa nake ba ki "tsufantarwa", a kan tsarin "ilimantarwa". Amma abin da ya fi damuna shi ne "fenti" da "benci" da kuke ta maimaitawa, waɗanda Ingilishi ne da ya ƙetaro mana ta Jibiya da Ɗan Isa. Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, bai kamata mu zauna jiran abin da Kano ta ara ba, alhali muna da "shafe" da "dakali".

Kafinta, Bagalam: Baba, da girmamawa, dakali gini ne da ba a ɗagawa, shafe kuma aikin magina ne a bango. Mahaifina "henti" yake cewa har ya rasu, kuma bai taɓa jin cewa baƙuwar kalma yake faɗa ba.

Tsohon malamin makaranta, Ɗan Gulbi: Wannan "henti" ɗin ma shaida ce a gare ni cewa Katsinanci yana da bakinsa, sai dai littattafai sun danne shi da Kananci.

Malamar koyar da sana'a, unguwar Zariya: Na gode muku duka. Baba, na gwada "tsufantarwa" a kan ɗalibai biyu, sai suka ɗauka magani ne ko ciwo, don haka zan rubuta "tsufar da fenti" a allo. Saura kakin da ake shafawa a ƙarshe don kada sauran fentin ya ɓaɓɓake, wanda Faransawa ke kira "cire".

Tsohon malamin makaranta, Ɗan Gulbi: Wannan kaki ne, ba ya buƙatar sabon suna. Ɗayan kuwa ki yi darasinki da shi tunda lokaci ya ƙure, amma ni ban janye tawa ba.