Crystal Reports: ƙaramin rahoto yana tsallakewa sabon shafi yana barin fili, a taimaka

Ɗan_Katako:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani shagon sari nan Jos, ni ke riƙe da lissafin kwastomomi a kwamfuta, duk ƙarshen wata muna fitar wa dillalanmu takardar bashi, abin da suka ɗauka da abin da suka biya, da Crystal Reports, manhajar tsara rahoto, muke haɗawa. Na yi grup da lambar kwastoma, kayan da aka ɗauka suna Details, sai na saka subreport, wato ƙaramin rahoto a cikin babban, a Group Footer (sashen da ke rufe bayanan kowane kwastoma) yana jawo kuɗin da mutum ya biya.

To matsalar ita ce idan biyan mutum ya yi yawa sai ƙaramin rahoton ya ƙi farawa a inda kayan suka ƙare, sai ya bar rabin shafi fari fat ya je ya fara a shafi na gaba, kuma can ɗin ma babu kan tebur, lambobi ne kawai zube ba ka san wanne ne kwanan wata wanne ne kuɗi ba. Sannan kullum akwai shafi ɗaya a ƙarshe da ba komai a ciki. Oga ya fara magana kan takarda, kun dai san kuɗin rim yanzu. Don Allah wanda ya sani ya taimaka.

Injiniya_Wuse:
Wa alaikumus salam. Malam wannan filin da kake gani ba lalacewa ba ce, umarni aka ba shi yake bi. Ka danna dama a kan ƙaramin rahoton, Format Subreport, a shafin Common za ka ga Keep Object Together da alama a kai, ka cire. Abin da yake nufi shi ne kar a raba abin nan gida biyu, to idan Crystal ya auna ya ga ba zai shiga ragowar shafin ba sai ya kwashe shi gaba ɗaya ya kai gaba. Amma kar ka tsaya nan, ka shiga Section Expert ka duba Keep Together na sashen da ka ajiye shi, ka kuma buɗe ƙaramin rahoton kansa ka duba nasa sassan, don mutane da yawa wuri ɗaya suke cirewa su ce bai yi ba alhali wani yana can ciki yana riƙe da shi.

Shawarata kuma ka ba shi sashensa shi kaɗai. Insert Section Below, sai ka samu Group Footer 1a da 1b, rahoton biya a 1a, jimilla da wurin sa hannu a 1b. In ka haɗa su sashe ɗaya, ranar da ya yi tsawo zai hau kan rubutun da ke ƙasansa, Can Grow, zaɓin da ke barin abu ya ƙara tsawo, ba ya ture abin da ke ƙasa.

Shafin ƙarshe kuwa mai sauƙi ne, na tabbata New Page After ka saka wa Group Footer, shi kuma har bayan kwastoman ƙarshe sai ya buɗe sabo. Danna maɓallin fomula da ke gefensa ka rubuta Not OnLastRecord, in Report Footer ɗinka ba komai ka yi masa Suppress.

Maman_Ilham:
Injiniya ya gama magana kan filin. Ni kan tebur ɗin zan taɓo. Ƙaramin rahoto a Crystal ba shi da Page Header ko kaɗan, don shi bai san shafi ba, babban ne ke da shafi. Dabarar da aka saba ita ce a cikin ƙaramin ka ƙirƙiri fomula, ka rubuta WhileReadingRecords; a layin farko. Sai ka saka 1 a ƙasa, ka yi grup da ita, duk layukan za su faɗa grup ɗaya ke nan. Sai ka kwashe sunayen ginshiƙan ka zuba a wannan Group Header ɗin ka kunna Repeat Group Header On Each Page. Shi ke nan duk shafin da ya tsallaka kan zai bi shi.

Sai abin da ba ka tambaya ba amma na fi jin tsoronsa. Ragowar bashin da kake nunawa a ƙasa, in da Shared variable, ma'ajiyar lamba da rahotannin biyu ke gani, kake dawo da jimillar biya daga ƙaramin zuwa babban, to lallai ka mayar da ita sifili a Group Header na kowane kwastoma. In ba haka ba wanda bai biya ko sisi ba a watan zai gaji jimillar wanda ke gabansa, takarda ta fita tana cewa Alhaji ya biya alhali bai biya ba, kai kuma ka san in ta shiga hannunsa ba za ka sake karɓo ta ba. Asarar takarda ai wasa ce a kan wannan. Kuma fomular da ke karanta ta dole ta zauna a sashen da ke ƙasan ƙaramin rahoton, shi ya sa raba 1a da 1b ɗin nan ba ado ba ne.

Baba_Akawu:
Yara kun iya, amma ni tambayata me ya kawo subreport ɗin tun farko? Kowane kwastoma sai ya koma database ya sake tambaya, in dillalai 300 gare ka tambaya 300 ke nan bayan ta farko, shi ya sa za ka ga rahoto yana ta juyawa har ka je ka yi alwala ka dawo. Ka sa mai database ya haɗa maka view guda, wato tebur haɗaɗɗe, da UNION ALL, kaya da biya a jere bisa kwanan wata kamar yadda banki ke yi, ba ƙarami ba rigimar shafi. Kuma ka duba Page Setup, firintoci da yawa a Letter suke zuwa irin na Amurka, mu kuma A4 muke saya, santimita 21 da 29.7, Letter tsawonta bai kai 28 ba, to layukan ƙasa za su riƙa zamewa gaba ko ka gyara komai.

Injiniya_Wuse:
Baba gaskiya ne kan nauyi, amma ba kowa ake bari ya taɓa database ba, wasu kamfanonin da suka sayar da manhajar ko view ba sa yarda a ƙara. In dillalan ba su da yawa ya bar shi haka kawai.

Ɗan_Katako:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Na cire Keep Object Together na raba sashen, filin ya tafi, shafin ƙarshe ma haka, kan tebur yana maimaituwa. Hajiya na saka sifilin. Baba oga ya fi son ganin biya daban a ƙasa shi ya sa, amma A4 ɗin na saita.

Saura abu ɗaya, wanda bai biya komai ba har yanzu akwatin yana fitowa da kan tebur ba layi ko ɗaya, kuma ina so lambar shafi ta koma 1 ga kowane kwastoma.

Maman_Ilham:
Lambar shafi Reset Page Number After ne a Group Footer na ƙarshe, wato 1b. Akwatin kuma wuri uku za ka taɓa, cikin ƙaramin ka shiga Report Options ka kunna Suppress Printing if No Records, a Format Subreport ka kunna Suppress Blank Subreport ka cire masa boda, sannan Suppress Blank Section a 1a. Kar dai ka yi wa sashen Suppress kai tsaye, in ka yi haka ƙaramin ba zai gudu ba sam, jimillarka ta zama sifili ga kowa. Gwada da kwastoman da ka san bai biya ba ka gaya mana.